Koyar da kiɗa daga nesa: abin da malamai suka ba da shawara

Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, masu koyar da kayan kiɗa a jami'a sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. Ga abin da na tsinta a wata tattaunawa da wasunsu suka yi a nan Kano.

Bakinsu ya zo ɗaya kan cewa kada malami ya yi kiɗa tare da ɗalibi kai tsaye. Sauti yana jinkiri a intanet, kafin bugun malami ya isa Kurna ko Hotoro, ɗalibi ya riga ya kauce. Gara malami ya buga, ya tsaya, ɗalibi ya maimaita.

Zoom kuma, wato manhajar taro ta bidiyo, an gina shi ne don magana, yana ɗaukar amon kalangu a matsayin hayaniya ya danne shi. Sai an shiga saiti an kunna sautin asali. Wani ya ce shi ya haƙura da Zoom ɗin ma. Ɗalibai su turo gajeren bidiyo ta WhatsApp, ya saurara da dare, ya mayar da gyara ta saƙon murya. A ganina wannan ya fi dacewa da mu, ga tsadar data ga rashin wuta.

Inda aka daɗe ana tattaunawa shi ne wurin ajiye waya yayin ɗaukar bidiyo. Mai kalangu, a ga hammatarsa da yadda yake matse tsarkiya, don nan muryar take sauyawa. Mai goge kuwa, yatsun hagunsa a kan izga ake son gani, fuska ba dole.

Wanda ba shi da ganga a gida, ya kifa ƙwarya.