Shafukan tsohon littafi sun manne, yaya zan raba su?

Assalamu alaikum. Na sayi Magana Jari Ce, littafi na biyu, tsohon bugun Zariya, wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Kano. Shi nake ɗokin karantawa tunda na gama na ɗaya. Shafukan tsakiya sun manne kamar an shafa musu ƙaro, ga warin funfuna, alamar ruwan damina ya taɓa shi.

Na shanya shi a rana, takardun suka lanƙwashe. Na zura wuƙa a hankali, rubutun wani shafi ya ɗaye ya bi ɗan'uwansa. Da na gwada tururin ruwan zafi kuwa, bangon ya fara saki. Abin ya dame ni ƙwarai.

Don Allah, wace dabara ce ke raba irin waɗannan shafuka ba tare da rubutun ya lalace ba?