Garin sassaƙen elm: akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Maman Hanifa, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanwata ce ta aiko min da wani gari daga Amurka, an rubuta slippery elm a jikin robar, wai maganin olsa ne. Na dama cokali ɗaya da ruwan ɗumi, sai ga shi ya yi yauƙi kamar an kaɗa karkashi. Hajiyarmu nake son ba wa, ƙwannafi ya hana ta barci. Ko akwai wanda ya san shi?

Baban Sadik, Rigasa: Wa alaikumus salam. Na sha da hunturun bara saboda ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma ya lafa. Ɗanɗanon dai sai haƙuri, ki zuba zuma.

Mai Kemis, Kawo: Maman Hanifa, itacen a gabashin Amurka da Kanada yake fitowa, ɓawon ciki ake busarwa a niƙe. Yauƙin nan da kika gani shi ne aikinsa, yana lulluɓe wurin da ke zafi. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da shi a alewar maƙogwaro. A 2003 an gwada wani shayi mai ɗauke da shi a kan mutum 60 masu ciwon maƙogwaro, sun samu sauƙi na ɗan lokaci. Maganar ciki kuwa hujjar ba ta da ƙarfi. A 2010 an gwada a Ostareliya kan mutum 31 masu matsalar hanji, amma haɗi aka ba su da wasu itatuwan, kuma babu rukunin da aka ba maganin bogi don a kwatanta. To wa zai ce elm ɗin ne ya yi aikin? Wani binciken da aka yi a Landan a 2002 ma a ɗakin gwaji aka yi shi, kan tsokar hanji da aka gutsuro, ba wanda ya sha.

Ummu Khairat, Barnawa: Ni fa an turo min murya cewa har ciwon daji (kansa) yake warkarwa.

Mai Kemis, Kawo: Shayin Essiac ke nan, na wata nas 'yar Kanada, elm na cikin itatuwa huɗu da ta haɗa. Babu binciken da ya tabbatar yana warkar da ciwon daji. Don Allah kada ki tura gaba.

Sista Rabi, Malali: Hajiya na shan maganin hawan jini? Yauƙin kan iya rage yadda hanji ke tsotse ƙwaya, a bar tazarar awa 2 tsakani. Mai juna biyu ta haƙura da shi. Kuma olsa sau da yawa ƙwayar cutar H. pylori ce, a kai ta gwaji tukuna. In bayan gidanta ya yi baƙi kamar kwalta, asibiti a ranar.

Maman Hanifa, Unguwar Rimi: Tana sha kuwa, kullum bayan Asuba. Allah ya saka da alheri Sista, Litinin zan kai ta.

Baban Sadik, Rigasa: In Hajiya ta ƙi yauƙin a ajiye min robar, sanyi ya kusa.