Neman shawara: Shekaruna 28, jinina ya hau, gwajin zuciya kuma ya nuna matsala

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Na je gwajin lafiya na ɗaukar aiki, aka auna jinina aka samu 152/96. Aka yi mini gwajin zuciya na ECG, takardar ta nuna wai bangon zuciyata na hagu ya yi kauri. Ni ba mai ƙiba ba ne, ina buga ƙwallo, ba abin da ke mini ciwo. Mahaifinmu dai shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa, shi ya sa barci ya ƙaurace mini. Hajiyarmu ta ce kada in fara ƙwaya tun ina yaro, in riƙa shan zoɓo da tafarnuwa. Ina mafita?

Wani likita: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka. Rubutun da ke saman takardar na'ura ce ta buga shi, ba hukuncin likita ba ne. Wutar lantarkin zuciya take aunawa ta saman fata, kuma a jikin saurayi siriri mai motsa jiki, musamman mu baƙar fata, layukan kan yi tsawo har ta ce akwai kauri alhali babu. Hoton zuciya da ake kira eko shi zai raba gardama, don shi ke nuna bangon kansa.

Ni awon jinin ne ya fi tsaya mini a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 140/90 zuwa sama a matsayin hawan jini, amma sai an samu haka a ranaku daban-daban, don fargabar asibiti kaɗai kan ɗaga shi. Ka samu na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ka auna safe da dare har mako guda, bayan ka zauna shiru minti 5, ka rubuta duka ka kai wa likita. In ya tabbata, a shekarunka ba a cewa gado ne a rufe magana. Sai an duba fitsari, aikin ƙoda, sukari da sinadarin fotasiyam, domin ciwon ƙoda ko matsalar wasu sinadaran jiki kan ɓuya a bayan hawan jinin matasa.

Wani mai kemis: A tambaye shi abin da yake sha. Samarin da ke zuwa shagona, daga an dawo ƙwallo sai maganin ciwon jiki irin su diclofenac ko ibuprofen, ga lemon ƙara kuzari kwalba kan kwalba. Duk suna ɗaga jini. Haka maganin mura mai buɗe hanci, da dexamethasone da wasu ke sha don su yi ƙiba.

Mai tambaya: Wallahi diclofenac kam ina sha duk ranar da muka buga wasa.

Wata ma'aikaciyar jinya: To ka ajiye shi, kuma ka faɗa wa likitan. Batun Hajiya, a lallaɓa ta, ƙauna ce ta sa. Zoɓo marar sukari yakan ɗan sauke jini, amma ba ya maye gurbin magani idan likita ya rubuta. Ta taimaka maka ta wajen tukunya: gishirin yini gaba ɗaya kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule, yajin tsire da taliyar leda. Kanwa ma a rage.

Wani ɗan uwa: Ni tun ina 31 nake shan maganin hawan jini na amlodipine, ƙwaya ɗaya da safe. Na yi aure, ga yara, ina aikina. Masu cewa in ka fara ka zama bawan magani, su je ɗakin wankin ƙoda su ga sa'anninmu da ke kwance.

Likitan: Ƙari ɗaya. In awo ya kai 180/120, ko ka ji ciwon ƙirji, numfashi na sarƙewa, gani ya dushe, ko hannu ya mutu, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Ƙwallo mai zafi kuma a ɗan jingine ta sai sakamakon eko ya fito. Tafiyar ƙafa ba laifi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan nemi na'urar. Yayana ma ya ce zai auna nasa, shi bai taɓa yi ba.