Shawarwarin da na tsinta kan gabatar da semina

Jiya mun tattauna da abokai kan yadda ɗalibi zai gabatar da semina kan yawan jama'a da lafiya, to ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce kar ka jingina da ƙidayar jama'ar Najeriya ta 2006 kaɗai, ta tsufa wallahi, ka haɗa da binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa, wato NDHS, na 2018. Kuma kar ka tsaya kan adadin ƙasa baki ɗaya, ai a nan ake ɓoye bambancin, a binciken 2018 matsakaicin haihuwa ya kasance yara 5.3 ga mace amma Katsina 7.3, Legas 3.4, sai ka raba tsakanin birni da ƙauye da matakin karatun uwa. Wani ya ce a rage silaid, ni dai na yarda, malamai tambaya suke jira.