Tafiyar gaggawa zuwa birni da 'yan uwa masu fama da ƙafa

Ga abin da na tsamo daga shawarwarin jama'a.

1. Masauki ne farko, nan kowa ya yarda. A kira otal a waya, kar a dogara da hoton intanet. Akwai matakala a bakin shiga? Keken guragu zai wuce ƙofar banɗaki?
2. In jirgi ne, a nemi taimako tun wajen sayen tikiti. Kamfanoni da yawa suna son a sanar da su awa 48 kafin tashi.
3. Magani a jakar hannu.
4. Ziyartar wuri biyu a rana ya isa.

Inda aka rabu: wasu sun ce tasi kawai, wasu sun ce bas mai gangaren hawa ta fi araha. Ni dai tasi, tunda lokaci ya ƙure.