Rijiyata tana janyewa a bazara: yaya zan rage ban ruwa ba tare da na cutar da bishiyoyi ba?

Mai Lambu, Kazaure

Assalamu alaikum. Ina da lambu mai mangwaro ɗan aure guda 90 da lemu 40, kuma akwai 'yan dashe da ba su kai shekara 2 ba. Ƙasar jigawa ce. Da rijiyar burtsatse ɗaya nake ban ruwa, ina sakin ruwa ta kwata zuwa gindin kowace bishiya duk bayan kwana 3, tun daga ɗaukewar damina har faɗuwar wata daminar. Shekara 2 ke nan da zarar Maris ya shiga sai rijiyar ta fara janyewa, injin ya riƙa zuƙo iska, kuma a daidai lokacin ne mangwaron yake zubar da 'ya'ya. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su nuna mini inda zan rage ruwa, domin ba ni da halin haƙa wata rijiyar.

Tsohon Malamin Gona

Wa alaikumus salam. Alhaji, daga bayaninka na fahimci cewa kana kashe ruwanka a watannin da mangwaro ba ya buƙatarsa, sannan ka rasa shi a watannin da ya fi buƙata. Babban mangwaro yana son ya ji ƙishi na wata 2 ko fiye bayan damina, domin wannan ƙishin tare da sanyin hunturu shi ne yake sa ya daina fitar da sabon ganye ya koma fitar da fure. Idan ka ci gaba da shayar da shi a Oktoba da Nuwamba, ganye za ka samu, ga asarar man inji. Shawarata ita ce ka ɗauke wa manyan ruwa gaba ɗaya daga ƙarshen damina har fure ya fito, sannan ka dawo da shi sosai da zarar 'ya'ya sun ɗaura, domin makonnin farko bayan ɗaurawa su ne suke yanke yawan abin da zai tsaya a reshe da kuma girmansa. Idan sun ƙosa an kusa tsinka, sai ka sake ragewa.

Wannan ba dabarar talauci ba ce. A Ostareliya masu bincike sun daɗe da gwada rage wa itatuwan marmari ruwa da gangan a lokacin da rashinsa ba ya taɓa 'ya'ya, kuma manyan gonaki a ƙasashe masu fari suna aiki da ita har yau.

Amma kada ka yi wa lemu haka. Saiwarsa ba ta da zurfi, kuma idan ya bushe sannan aka kwarara masa ruwa, 'ya'yan sukan tsage ko su zube. Haka ma 'yan dashen, ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai suke so.

Abu na biyu shi ne wurin da ruwan yake sauka. Ƙananan saiwoyin da suke shan ruwa ba a jikin kututture suke ba, suna ƙarƙashin bakin inuwar bishiyar ne, don haka ka faɗaɗa kwamin zuwa nan, ka yi ɗan tudu kewaye da kututturen. A lemu wannan wajibi ne, domin ruwan da yake kwanciya a jikinsa yana jawo ruɓewar gindi, wadda ake gane ta da ƙaro yana tsatsowa daga ɓawo. Kafin kowane ban ruwa kuma ka tona kamu ɗaya, ka dunƙule ƙasar a hannu. Idan ta haɗu ba ta wargaje ba, ka bar bishiyar sai gobe.

Ɗan Tawa

Malam ya yi magana mai nauyi, ni kuma zan ƙara da abin da muke yi a namu yankin, inda ruwan sama bai kai na Kazaure ba. Ruwan da rana da iska suke kwashewa daga fuskar ƙasa asara ce tsantsa, saboda haka muna rufe ƙarƙashin bishiya da karan hatsi ko busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, kaurin tafin hannu, muna barin tazara tsakaninsa da kututture saboda gara. A jigawa taki ma yana cikin maganin ƙishi, domin yashi ba ya riƙe ruwa sai an cakuɗa shi da ruɓaɓɓen kashin dabbobi.

Ga 'yan dashe, ka binne tulu na ƙasa wanda ba a shafe shi ba har wuya kusa da kowanne, ka cika shi ka rufe bakin. Ruwan yana tsatsafowa a hankali zuwa saiwa, kuma babu abin da rana take samu. Kafin damina kuma ka yi wa kowace bishiya kunya mai siffar rabin wata ta ɓangaren gangare, yadda ruwan sama zai tsaya ya nutse maimakon ya wuce. Da irin wannan aiki da ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki su tare ruwan sama, aka farfaɗo da faƙo mai yawa a jihar Tawa ta Nijar. Kada ka manta da shingen iska ta gabas da arewa. A kwarin Majiya da ke nan jihar Tawa an dasa layukan darbejiya tun shekarun 1970 don karya iska, sai dai ka nisanta su da mangwaronka don kada su yi kishiya a kan ruwa.

Hajiya Mai Gwaiba

Ni na bar kwata na koma tiyon ɗigo, wato tiyo mai ƙananan ƙofofi da suke ɗiga ruwa a hankali, shekara 3 da suka wuce, kuma ina ganin a ƙasa mai yashi irin taka, Alhaji, kwatar ce babbar ɓarauniya, domin ruwa mai yawa yana nutsewa a hanya kafin ya kai bishiyar ƙarshe. A lissafin da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, take amfani da shi, ban ruwa na malale yana kai kusan kashi 60 cikin 100 ga shuka, na ɗigo kuwa kusan 90. Ba sai da babban inji ba; tanki a kan dakali mai tsayi ya isa ya tura ruwan, kuma rijiya mai rauni takan iya cika shi a hankali.

Sai dai zan faɗi abin da ya same ni. A shekarar farko ban sa matacin ruwa ba, yashi ya toshe ƙofofin tiyon, kuma ban ankara ba sai da layi guda ya yi yaushi. Yanzu duk mako nake wanke matacin, ina bin layi ina duba kowace ƙofa. Babbar bishiya kuma ƙofa ɗaya ba ta isar ta, musamman a yashi inda ruwa yake sauka a miƙe ba ya bazuwa, sai an zagaye ta da tiyon a bakin inuwa. Idan ruwan rijiyarka yana da kanwa, za ka ga fari-fari a gefen wurin da ya jiƙe, kuma lemu ba ya jure wannan, don haka lokaci-lokaci a ba shi ruwa mai yawa ya wanke gishirin zuwa ƙasa.

Mai Lambu, Kazaure

Allah ya saka muku da alheri. Bana zan ɗauke wa manyan mangwaro ruwa daga Oktoba, in shimfiɗa kara, in fara tiyon ɗigo a layin lemu kaɗai, tun da kuɗina iya nan suka tsaya. Hajiya, tankin lita nawa kike amfani da shi, kuma bishiya nawa yake ɗauka a cikawa ɗaya?