Maganin ƙuma duk wata ga kyanwa da kare: rigakafi ne ko ɓarnar kuɗi?

Hajiya Bilki (Kaduna): Assalamu alaikum. Ni matsayina ɗaya ne, kuma ba na kwana-kwana a kai: duk wanda ya ajiye kyanwa ko kare, ya ɗiga masa maganin ƙuma duk wata, rani da damina, ko ya ga ƙuma ko bai gani ba. Rigakafi ya fi magani.

Maman Iman (Kano): Wa alaikumus salam. Hajiya, a nan kam ba ma tare. Kyanwata a saman bene take, ko tsakar gida ba ta sauka, ba ta haɗuwa da wata dabba. Don me zan riƙa zuba mata maganin ƙwari a jiki duk wata alhali lafiyarta ƙalau? Ga tsada. Mutum ai ba ya shan maganin tsutsar ciki kullum don tsoron kada ta kama shi.

Hajiya Bilki: Maman Iman, ba ki san halin ƙuma ba ne. Waɗanda kike gani suna tsalle a jikin kyanwa kusan kashi 5 ne kawai cikin 100. Sauran 95 ɗin ƙwai ne da tsutsotsi, suna cikin kafet, da ƙarƙashin kujera, da tsagar siminti. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana, kuma kwana ɗaya ko biyu bayan ta fara shan jini take somawa. Ƙwan ba ya manne wa gashi, zubewa yake duk inda kyanwar ta kwanta. Ranar da kika ga guda ɗaya da idonki, an riga an cika miki ɗaki. Bene kuma bai hana ɓera hawa da ƙuma a jikinsa ba.

Nura (Ingila): Anti Bilki, a yi min afuwa in sa baki. Wannan tsarin naki shi aka daɗe ana yi a nan. Asibitin dabbobi zai sa ka cikin tsarin biyan kuɗi wata-wata, a riƙa ba ka maganin ko dabbarka na buƙata ko ba ta buƙata. To yanzu su kansu likitocin sun fara ja da baya. A 2020 masana daga Jami'ar Sussex suka fitar da sakamakon awon ruwan koguna 20 na Ingila, suka tarar da fipronil a kusan duk ruwan da aka auna, imidacloprid kuma a wajen kashi biyu cikin uku. Fipronil shi ne sinadarin da ke cikin maganin ƙuma na ɗigawa mai suna Frontline, imidacloprid shi ne ke cikin wani mai suna Advantage. Tun 2018 aka hana amfani da imidacloprid a gonakin fili a Turai saboda ƙudan zuma, amma ga shi yana shiga kogi ta hanyar wankan kare, da wankin shimfiɗarsa, da wanke hannun mai shi. A 2021 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta ce a daina yi wa kowace dabba kuɗin goro, a dubi haɗarin da kowacce ke ciki tukuna.

Usman Kura: Nura, ka kawo mana ciwon kan Turawa. Su suna da karnuka da kyanwoyi sama da miliyan 20, kusan kowanne ana ɗiga masa magani, ruwan bandakinsu kuma yana bin bututu ya ƙare a kogi. Mu nan mutum nawa ne ke sayen Frontline? Ka zo ka ga feshin da ake yi a gonakin tumatir da shinkafa lokacin noman rani, sannan ka gaya min kyanwar Hajiya ce za ta gurɓata ruwan Kadawa.

Nura: Wannan gaskiyarka ce, Malam Usman, ban ce kyanwar Anti za ta kashe kifi ba. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hanyar da maganin ke bi. In har wanke hannu yana kai shi kogi, to yana hannun mai kyanwar ke nan, kuma makonni bayan an ɗiga. Yara su ne ke rungumar kyanwa. A 2025 kuma an auna sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye guda 103 da ke shimfiɗa gashin dabbobi a ciki, duka aka sami fipronil. Ba cewa nake a jefar da magani ba. Cewa nake abin da ke da wannan naci bai kamata a saka shi don sabo kawai ba.

Hajiya Bilki: Kai Nura, ka taɓa ganin jaririn kyanwa da ƙuma suka shanye wa jini? Ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi fari fat, ko kuka ba ya iyawa. Ga tsila: kyanwa na lasar jiki ta haɗiye ƙuma, sai ka fara ganin wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta. Yaro mai rarrafe ma in ya haɗiyi ƙuma yana iya kamuwa. Dabbar da ka tsare a gidanka amana ce. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Ni tsuntsun Ingila bai fi min wannan ba.

Dakta Sa'idu (Zariya): Salamu alaikum jama'a. Hajiya, duk abin da kika faɗa game da ƙwai da tsila haka yake. Inda na rabu da ke shi ne "duk wata, rani da damina, kowace dabba".

Tsutsar ƙuma ba ta jure bushewa. Idan danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 50 cikin 100, mutuwa take. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu, a Kano ko Katsina ko Maraɗi, danshi kan sauka ƙasa da 20. Hunturu yana yi mana aikin da mutanen Ingila ke biya da kuɗi, don su gidajensu akwai kafet da ɗumi duk shekara. Tsarin wata-wata an gina shi ne a kan irin gidajensu. Da damina labari ya juya: ga zafi ga laima, daga ƙwai zuwa babba sati biyu zuwa uku ne kacal. Saboda haka kyanwar da ke yawo, mai shiga akurkin kaji da turken awaki, ni ma zan ce a fara mata magani tun ruwan farko, a ci gaba har ƙarshen kaka. Kare mai kwana a waje ma haka. Wanda ke Legas ko Kumasi, inda laima ba ta ɗaukewa, lissafinsa daban ne.

Amma kyanwar Maman Iman, ba na ganin dalilin saka mata komai yanzu. Abin da za ta yi shi ne dubawa. Ki sami mataji mai ƙananan haƙora, ki taje bayan wuya da gindin wutsiya duk sati. Abin da ya fito, baƙi-baƙi, ki karkaɗe shi a kan farar takarda mai ɗan jiƙe. In ƙasa ce za ta zauna baƙa. In kika ga ta narke ta yi ja-ja, kashin ƙuma ne, jinin kyanwar ne suka sha suka kasayar. Ranar sai a fara magani.

Hajiya Bilki: Dakta, Allah ya ƙara basira, amma ranar da takardar ta yi ja ai ƙwai sun riga sun zuba. Ita ce maganata tun farko.

Dakta Sa'idu: Sun zuba, ba na musu. Kuma fitar da su aiki ne, don bayan tsutsa akwai matakin da suke naɗe kansu cikin wani ƙunshi, feshi ba ya ratsa shi, suna iya kwanciya watanni sai sun ji motsi da ɗumin jiki su fito. Shi ya sa mutum zai buɗe ɗakin da aka daɗe da rufewa, ƙafafunsa su yi baƙi nan take. In ta kai ga haka, duk dabbar da ke gidan sai an yi mata magani wata uku a jere aƙalla, a wanke shimfiɗa da ruwan zafi, a yi ta shara. Ciniki ne: ko ki biya duk wata har abada, ko ki sa ido ki biya wata uku in abin ya faru. Ga kyanwar da ba ta fita, na biyun ya fi. Akwai kuma dabbar da jikinta ba ya ɗaukar yawun ƙuma, cizo ɗaya sai ta yi ta susa har gashin bayanta ya zube. Irin wannan kam ba a yi mata hutu.

Kada kuma a ce na ce hunturu yana share komai. Gindin randa, bayan tankin ruwa, da cikin taki a turke suna riƙe laima.

Baba Haladu (Bauchi): Ku kuna ta ƙuma. Mu masu karnukan farauta kaska ce damuwarmu, raɓi mai jini. Kare zai dawo daga daji kunne cike, tsakanin yatsu cike. Mu dai baƙin mai muke shafawa, in ta yi yawa a ɗan ɗiga Sniper a bokitin ruwa a yi masa wanka. Tun muna samari haka ake yi da abin da ya samu, karnuka ba su ƙare ba.

Dakta Sa'idu: Baba, ranka ya daɗe, wannan ita ce maganar da ta fi duk wadda muka yi nauyi. Don Allah a daina. Abin da ke cikin Sniper, dichlorvos, yana ratsa fata. Kare zai fara dalalar da yawu, ido ya ƙanƙance, jiki na rawa, ya yi gudawa, numfashi ya gagara. Hannun da ya yi wankan ma ya sha rabonsa. Ba banza NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna a 2019 ba. Baƙin mai da kalanzir suna ƙona fata, kare kuma lashewa yake. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Waɗanda ake kawo mana a galabaice, yawanci ba ƙuma ne suka kwantar da su ba, maganin da aka yi musu a gida ne.

Batun kaska kuwa kana da gaskiya. Kaskar kare tana ɗauke da cututtukan jini masu sa zazzaɓi, da ƙin cin abinci, da fitsari ja, wani lokaci haɓo. Ita kuma tana jure bushewa, tana ɓuya a tsagar bango. Don haka karnukanka su ne suka fi kusa da tsarin Hajiya, amma saboda kaska.

Maman Iman: Dakta, maƙwabciyata ta ɗiga wa kyanwarta ragowar maganin karen gadinsu. Kafin magariba kyanwar na ta karkarwa, kunnuwa na fizga, ta kasa tsayuwa. Ba ta kwana ba.

Dakta Sa'idu: Allah sarki. Alamun permethrin ke nan. Yana cikin magungunan kare da dama, hantar kyanwa kuma ba ta iya sarrafa shi. Ko kwanciya ta yi jikin karen da aka ɗiga wa bai bushe ba, yana iya taɓa ta. A karanta kwali. Masu zomaye kuma su sani fipronil yana kashe zomo.

Usman Kura: To ƙwayar da ake ba kare ya tauna fa? Na ji ana cewa ta fi na ɗigawa.

Dakta Sa'idu: Bravecto tana kai sati 12, NexGard wata ɗaya, duka suna kashe ƙuma da kaska, kuma ba sa wankewa in kare ya shiga rafi. Ga mafarauci wannan babban abu ne. Sai dai a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wannan rukunin yana sa wasu dabbobin rawar jiki ko farfaɗiya. Karen da ya taɓa faɗuwa, a gaya wa likita kafin a ba shi.

Nura: Ka ga, Anti, ko wanda ya fi kyau ma yana da nasa.

Hajiya Bilki: Panadol ma yana da nasa. Nawa kyanwoyin suna haura katanga, maƙwabta na da kaji, tsakar gidana akwai shuke-shuke da ake ba ruwa kullum. Hunturun Dakta bai shigo gidana ba. Ba zan tsallake ko wata ɗaya ba.

Dakta Sa'idu: A irin gidanki ba zan hana ki ba, Hajiya. "Duk wanda ya ajiye" ɗin nan ne kawai nake so ki janye.

Hajiya Bilki: Sai Maman Iman ta yi damina ɗaya da matajinta tukuna mu gani.

Baba Haladu: Ɗana Dakta, ita ƙwayar nan, in na sayi babba guda ɗaya na raba wa karnuka uku fa? Ka san halin da ake ciki.

Dakta Sa'idu: A'a Baba. Da nauyin kare ake ba da ita, kuma masu yin ta sun ce kada a gutsura. In ka raba, wani ya sami kaɗan, kaskar ta ƙi mutuwa, kuɗin ya tafi a banza. A auna kowanne a sikeli. Kafin nan, an yi musu allurar haukan kare bana? Ita ce wadda ba a tsallakewa, ana kuma haɗa maganin allurar a nan gida, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, Jihar Filato.

Baba Haladu: Manyan an yi musu. Ƙananan biyu ne ba a kai ba.

Dakta Sa'idu: In sun cika wata uku, fara da su. Kaskar kunne kuma kafin kuɗin ƙwaya ya samu, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali, kada a matse cikinta, a jefa a wuta.